Shuɗin Injin da Ya Ci Mini Mako Uku a Amurka

Yaya, gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, da su Hajiya da yaran gareji. Ka ce ka gaji da labarin sanyi da dusar ƙanƙara, in ba ka labarin yadda sana'armu take a nan. To ga wani aiki da ya ci mini mako uku, kuma duk a kan fentin inji, abin da mu a Ƙofar Ruwa ko kallo bai ishe mu ba.

Wani dattijo Bature ne ya kawo mana Ford Mustang ƙirar 1966 garejin da nake aiki a nan Harrisburg, jihar Pennsylvania. Motar mahaifinsa ce, ta daɗe a ajiye cikin rumfa. Injinta mai silinda takwas ne, wanda suke kira 289, wato lita 4.7. Muka sauke shi, muka yi masa garambawul, muka tayar, yana kuka luwai. Ni a zatona an gama. Sai maigidan garejin ya ce saura fenti, kuma ba kowane shuɗi ba, sai irin wanda kamfani ya fesa masa ranar da ya fito.

Na yi dariya a zuci. A gida in an gama inji sai a wanke shi da fetur, in mai motar ɗan gayu ne a watsa masa baƙi ko ruwan azurfa, a rufe bonet. A nan kuwa launin inji kamar zanen fuska yake a wurinmu, da shi ake gane asali. Mustang ta 1965 mai irin wannan inji, jikin injin baƙi ne, murafun samansa ruwan zinare. Daga 1966 Ford ta koma shafe injinanta da shuɗi. Chevrolet ta daɗe tana amfani da ruwan goro kafin ta koma shuɗi wajen 1977. Tsohuwar Ford Model A ta 1928 zuwa 1931 kuma kore ne. Masu wannan harka da sun leƙa sun san ko an yi wa mota ƙarya.

Na tafi shagon kayan mota da ƙarfin gwiwata. Nan fa sai a sara musu. Fentin inji kantarsa daban, gwangwanayen feshi a jere, kowanne da sunan kamfanin mota da lambarsa, an rubuta a jiki yana jure zafi har digiri 500 a ma'auninsu, wato 260 a namu. Na salansa ma daban yake, don zafinta ya wuce haka nesa. Matsalar ita ce shuɗin Ford ba ɗaya ba ne a kantar, har uku na gani. Na dubi murafunsu na ɗauki wanda ya kwanta mini. Laifina ne, ban tambayi kowa ba.

Na fesa, ya bushe, yana sheƙi. Da dattijon ya zo bai ce uffan ba. Ya zagaya injin sau biyu, hannu a aljihu, sannan ya ce ya yi haske. Nawa ya fito kamar ruwan bula, shi kuwa wanda yake nema ya fi kusa da rinin Ƙofar Mata. Haka na kwana biyu ina kankarewa da tina da burushin waya, kuma ka tuna a nan da awa ake lissafin aikin bakanike, a gareji da yawa awa ɗaya ta haura dala 100. Maigidan bai caji mai motar ba, amma kallon da ya yi mini ya wadatar. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai, gwangwani biyun da ban buɗe ba na mayar da rasit, aka ba ni kuɗina cif, babu rantse-rantse, babu "kaya in ya fita ya fita".

Daga nan muka koma neman fentin asali a jikin injin. Kaskon baƙin mai na ƙasa ne ya cece mu, don shi ba mu kankare shi ko fesa masa fenti ba tukuna. Da na goge dattin shekara da shekaru a wani lungu, sai ga shuɗi ya leƙo, faɗinsa bai fi tafin hannun yaro ba. Na kai shagon masu haɗa fenti. Suna da wata na'ura da ake kifawa a kan ƙarfe, ta haska, ta karanta launin, kwamfuta ta fitar da awon kowane sinadari. Sai dai tana son wuri mai santsi, shi ya sa jikin injin mai kaushi ba ya yi mata. Aka haɗa, aka fesa a ɗan kati, ya fito da ɗan kore-kore. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da ta gani ta faɗa: fentin da zafi da mai suka dafa fiye da shekara 50.

Allah ya taimake mu lokacin ya zo daidai da Oktoba. Kusa da mu akwai garin Hershey, garin cakulan, inda ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta AACA, wadda aka kafa tun 1935, take babban taronta kowace shekara. Yaya, ka ɗauki Ƙofar Ruwa ka haɗa da Panteka, ka share ƙasan tas, ka jera dubban rumfuna. Yini guda ba ya isa a zagaye. A can muka samu wani tsoho da murfin injin Ford na zamanin, wanda ba a taɓa ɗaurawa ba, yana cikin kwalinsa. Kuɗin da ya sa ya fi ƙarfinmu, amma ya bar mu muka ɗora katunanmu a kai cikin rana.

Da muka koma shagon fentin, wani mai furfura ne ya karɓi aikin daga hannun yaron kwamfutar. Ya ɗiga wannan, ya ɗiga wancan, ya juya, ya shafa a kati, ya fita waje ya duba, ya dawo ya ƙara. Wallahi sai na ga kamar mai fentin bayan garejinmu na gida da gwangwanin madararsa da tsinke. A ido da hannu ban ga abin da suka fi mu ba. Inda suka bar mu shi ne ajiya. Takardun kamfani, katunan launi, littattafan da ƙungiyoyinsu suka rubuta kan kowane noti, duk suna nan ana sayarwa.

Ƙarshen abin ma akwai ban dariya. Na rufe kowane noti da tef don aiki ya fita tsaf, dattijon ya ce in cire. A kamfani bayan an harhaɗa inji ake feshe shi gaba ɗaya, fenti ya hau noti da bakin gasket, shi kuma haka yake so.

Batun gwangwanin da ka ce in taho maka da shi, ba zai yiwu ba, ba a shiga jirgi da fentin feshi ko a cikin akwati. Amma don Allah Fijo 504 ɗin Baba, haɗin Kaduna, kada ka bari 'yan gwangwan su raɓe ta. Kuma kafin yara su wanke injin da fetur, ka kwance ƙarfen da ke riƙe shi, ka ɗauko mini hoton abin da ke ƙarƙashi, da rana, ba a inuwa ba.