Doki mai turjiya a fili: ƙaimi za ka saya, sirdi, ko likita za ka kira?

Duk wanda ya saba zuwa filin sukuwa ya san irin wannan dokin. A gida lafiya ƙalau, da asuba a fita kilisa da shi kamar zai tashi sama. Amma ranar da jama'a suka taru, kiɗa ya tashi, sai ya zo bakin fili ya kafe ƙafafu. A taɓa shi ya ja da baya, a matsa masa ya juya kai wajen da aka baro sauran dawaki, wani ma ya miƙe tsaye ya nemi kayar da mahayi. Kafin mai dokin ya bar filin mutum biyar sun ba shi shawara, kuma kowace shawara kuɗi ce.

Kafin ka sa hannu a aljihu, zauna da yaron da ke kula da shi ka yi masa tambayoyi. A ina yake turjewa? Idan har a gida yana kwantar da kunne ko ya kai cizo lokacin da ake ɗaure masa majayi, ka zargi ciwo. Idan sai a bakin fili kawai, tsoro ne ko ƙin rabuwa da 'yan uwansa. Idan kuwa yana tafiya da kowa sai mutum ɗaya, to matsalar tana wurin mahayin da ke kan sirdi, ba dokin da ke ƙarƙashinsa ba.

Abin da aka fi saurin saya shi ne ƙaimi da bulala, don su suka fi araha. Suna aiki ga doki ɗaya tak: lafiyayye, ƙosasshe, wanda ya gane cewa in ya tsaya za a ƙyale shi. Ga mai ciwo ko mai tsoro, ƙaimi yana koya masa cewa fili wurin azaba ne, gobe tun daga nesa zai fara tirjewa. A Birtaniya ma, tun 2023, mahayin sukuwa ba ya wuce bulala shida a tseren da babu tsallake, bakwai a mai tsallake. In dole sai ka saya, ɗauki ƙaimi gajere mai dakusasshen baki. Wanda ke barin jini a haƙarƙari ba na mai son dokinsa ba ne.

Linzami ya fi cancantar a tsaya a kansa. Ƙarfen yana zama ne a wani gurbi na bakin doki inda babu haƙori, dadashi ne da ƙashi kawai. Linzamin gargajiya da muke gani a hawan sallah, mai harshe a ciki da zobe zagaye da haɓa, an yi shi ne don a tsayar da ingarma cak a tsakiyar gudu. Ka ɗora shi a hannun mahayin da gabansa ke faɗuwa ranar gasa, ka ga ƙafa tana cewa tafi, hannu yana cewa tsaya. Doki kuwa ba ya bin umarni biyu lokaci guda, sai ya zaɓi na bakinsa don shi ya fi zafi. Linzami mai gaɓa a tsakiya, irin na Turawa, ya fi sauƙi, sai dai dokin da ya girma da na gargajiya yana iya raina shi da farko, don haka a gwada a gida, ba a fili ba. Duba kuma faɗinsa: wanda ya matse yana tsaga gefen baki, wanda ya yi yawa yana zamewa. Aro ka fara yi kafin saye.

Na taɓa tsayawa kusa da wani Alhaji da dokinsa ya ƙi shiga layi har sau biyu. Yana faɗa, yana cewa a kawo masa bulala. Yaron barga ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, a bari in sauke sirdin tukuna." Da aka ɗaga zubka, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin sirdi, duk bayan ya jiƙe sharkaf da gumi, ban da wani wuri kamar tafin hannu a gefen kafaɗa da ya bushe ƙayau. Yaron ya danna wurin da yatsa, dokin ya lanƙwashe baya kamar an ɗora masa garwashi. Alhaji bai ƙara cewa komai ba.

Wannan busasshen wuri alama ce ta inda sirdi ke dannewa. Farin gashi da ya fito a bayan akawal ko jan doki shi ma tabon tsohon danni ne. Sirdi mai kyau yana barin gurbin yatsu biyu zuwa uku tsakaninsa da ƙashin nan da ya taso a ƙarshen wuya, kuma ba ya taɓa ƙashin baya. Mutane da yawa suna gudun kuɗin sirdi su sayi zubka mai kauri. In sirdin ya yi faɗi, tana taimakawa. In matsewa ya yi, kamar ka sa safa biyu ne cikin takalmin da ya yi maka kaɗan. Ko a Kasuwar Kurmi za ka saya ko a hannun 'yan folo na Kaduna, ka ƙulla da mai sayarwa cewa sai an ɗora a bayan dokin, in bai zauna ba a dawo da shi.

Ni dai a wurina kuɗin farko na likitan dabbobi ne, ko da yake shi mutane suka fi jinkirin kira. Haƙoran doki ba sa daina fitowa, gefensu yana yin kaifi ya riƙa yankar kumatu da harshe, shi ya sa ake goge su kamar sau ɗaya a shekara. Likita zai duba kofato, gaɓoɓi da baya, ya ɗibi jini in yana zargin cutar da kaska ke sawa, wadda ke barin doki ba kuzari. Akwai kuma gyambon ciki, wanda ya yi yawa a dawakin tsere: cikin doki ba ya daina fitar da ruwan narkar da abinci, don haka wanda ake cika wa gero da dawa a rage masa harawa, ko a bar shi da yunwa safiyar gasa, yana cikin haɗari. Maganinsa omeprazole ne, yawanci kwana 28, kuma ba shi da araha, saboda haka kada ka saya da ka. Asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri suna karɓar dawaki. Abin da zan hana ka shi ne allurar kashe zafi ana gobe gasa. Ciwon yana nan, ɓoye shi aka yi, dokin zai yi gudu a kan ƙafar da ya kamata ta huta.

Idan likita ya wanke shi, sirdi da linzami sun zauna, saura mai horo. Wannan makonni yake ci, wani lokaci watanni. Na ƙwarai zai riƙa kai dokin fili ranar da babu kowa, ya shigar da shi bayan wani tsohon doki mai natsuwa, ya sassauta masa da zarar ya yi taku ɗaya gaba, sannan a hankali a ƙara jama'a da hayaniya. Je ka gan shi yana aiki ba tare da ka sanar ba, ka kalli gefen bakin dawakin da ke hannunsa. Wanda ya ce a kwana uku zai gyara maka shi, duka zai yi. Mahayinka ma ya riƙa zuwa, in ba haka ba doki zai dawo gida ya tarar da hannun da ya ɓata shi. Makarin ido, wanda ke hana shi ganin gefe, ba shi da tsada, kuma yana taimakon mai yawan waige-waige, amma ba ya hana shi jin ganga.

Saura sayarwa. Akwai dokin da ba a halicce shi don taro ba, ya fi dacewa da kilisa, kuma ba abin kunya ba ne ka kai shi Maigatari ranar Alhamis ka faɗa wa mai saye gaskiya. Wanda za ka maye gurbinsa da shi, ɗan Arewa ne, na Sudan ne ko na Ajantina, kada ka yarda da gwajin ƙofar gidan dillali. Ka ce a kai shi inda ake taro, a ɗora masa sirdinka, mahayinka ya raba shi da sauran dawaki ya nufi fili da shi shi kaɗai.