Wasan MMORPG na tsohon yayi: ina ya kamata ka zuba dalarka?

MMORPG wasa ne na intanet da dubban mutane ke bugawa tare a duniya guda, kowa da jaruminsa. Duk wanda ya ɗanɗani EverQuest ko Ultima Online ya san abin da ake nufi da wasan tsohon yayi: duniya mai faɗi, babu kibiyar da ke nuna maka hanya, dodo ɗaya sai an haɗu mutum biyar ko shida kafin a kayar da shi, in kuwa ka mutu ka ji a jikinka. Manyan kamfanoni sun daɗe da juya wa irin wannan baya, sai masu ƙera shi suka koma karo-karo. Su fito a Kickstarter, shafin tara gudummawa a intanet, su baje alkawura, masoya su zuba kuɗi. Yau mai son shiga ko dai ya biya wasan da ba a gama ba, ko wanda aka buɗe rabi da rabi, ko ya nufi wanda ya riga ya tsaya da ƙafarsa.

Na farkon cinikin biri a sama ne, kuma tarihi bai yi masa daɗi ba. A 2013 Mark Jacobs, wanda ya jagoranci Dark Age of Camelot, ya tara sama da dala miliyan 2.2 don Camelot Unchained. Suka ce injin wasa nasu na kansu za su gina, wanda zai ɗauki yaƙin ɗaruruwan 'yan wasa a fili ɗaya. Gwajin beta, wato ba 'yan wasa damar gwada shi kafin a kammala, bai zo ba sai Yulin 2018. A 2020 kuma aka wayi gari kamfanin ya sanar da wani wasan daban, Final Stand: Ragnarok, masu gudummawa suka harzuƙa suna neman a mayar musu da kuɗinsu. Chronicles of Elyria ya fi wannan muni. Bayan dala miliyan 1.3 da ɗoriya da ya samu a 2016, ya riƙa sayar wa mutane filaye da sarautu a duniyar da ba a gina ba, a Maris 2020 aka sallami ma'aikata, zance ya kai kotu. Crowfall shi ya ma fito, a Yulin 2021, amma kafin ƙarshen 2022 an kashe sabobinsa, wato kwamfutocin da ke ɗauke da wasan a intanet.

Ba duka ba ne 'yan damfara. Aikin ne ya fi ƙarfin kuɗin. Abin da ke cinye irin wannan wasa ba zanen da kake gani ba ne, sabar da ke bayansa ce. Ita ke riƙe da inda kowa yake, da abin da ke jakarsa, da sarar da ya kai. In mutum 200 suka taru wuri guda, kowannensu sai an sanar da shi motsin sauran 199, kusan saƙo 40,000 ke nan a zagaye ɗaya, kuma ana maimaitawa sau da yawa cikin daƙiƙa. Nan ne za ka ga jaruminka ya yi taku uku ya dawo baya, ko ka danna maganin warkarwa ya fita bayan abokinka ya riga ya faɗi. Rahotanni sun ce Star Wars: The Old Republic ya lashe kusan dala miliyan 200. Wanda ya tara miliyan biyu kuwa, dole ya ci gaba da sayar da gidaje da dawakai na cikin wasa don biyan albashi, kuma kowane alkawari da ya sayar ƙarin aiki ne ya ɗora wa kansa. Kickstarter da kansa ya faɗa cewa shi ba kanti ba ne. In aiki ya rushe, ba shi zai biya ka ba.

Babban suna ma ba jingina ba ne. Richard Garriott, uban Ultima, ya tara dala miliyan 1.9 don Shroud of the Avatar; wasan ya fito a Maris 2018, shekarar ba ta ƙare ba aka mayar da shi kyauta don neman jama'a.

Zaɓi na biyu, wato Early Access (sayen wasa tun ana kan gina shi) a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, ya fi ba da natsuwa, don aƙalla akwai abin taɓawa. Wasanni biyu da suka bi ta wannan hanya sun cancanci a auna su. Pantheon: Rise of the Fallen na Brad McQuaid ne, ɗaya daga iyayen EverQuest. Ya nemi dala 800,000 a 2014 bai samu ba, ya koma karɓar gudummawa a shafinsa, ya rasu a Nuwamban 2019 bai ga fitowarsa ba. A 2023 aka sauya salon zanensa gaba ɗaya, magoya baya da yawa suka yi ƙorafi, sai a Disamban 2024 ya shiga Steam. In wasan ƙungiya zalla kake nema, inda mai garkuwa da mai warkarwa da mai janyo dodo kowa ke da aikinsa, yana nan, amma ka shiga da sanin cewa ginin bai kai rufi ba.

Project Gorgon kuwa aikin Eric Heimburg da Sandra Powers ne, tsofaffin ma'aikatan Asheron's Call. Sau biyu suna faɗuwa a Kickstarter, a karo na uku, 2015, suka rage buri suka nemi dala 20,000, suka samu sama da 70,000. Gaskiya ba shi da kyan gani, motsin halittunsa ma wani lokaci abin dariya ne. Amma tun kafin su roƙi kuɗin ana buga shi, kuma zurfin sana'o'insa ya isa: tsinuwa na iya mayar da kai saniya, ka zauna a haka kana koyon dabarun faɗan shanu. Tsakanin biyun ni shi zan fara nuna wa mutum, musamman da yake akwai gwaji kyauta.

Na ukun ba karo-karo ba ne sosai, amma shi ya fi dacewa da mai lissafin data da wutar lantarki. Old School RuneScape ya dawo a 2013 daga ajiyar wasan ta 2007, yana tafiya a tsohuwar laftof, tun 2018 yana kan waya, kuma manyan sabbin abubuwa sai 'yan wasa sun jefa ƙuri'a. Albion Online ya taso da sayar da fakitin shiga da wuri, ya zama kyauta a 2019, a 2024 ya buɗe sabar Turai, wadda ta fi ta Amurka kusa da Kano ko Maraɗi. Sai dai a yankunansa masu haɗari, in aka ɗauke wuta ko netwok ya yanke kana tsakiyar daji, kayan jikinka na wanda ya kashe ka ne. Project 1999 kyauta ne, EverQuest na asali da masoya ke gudanarwa da amincewar Daybreak, kamfanin da ke da EverQuest, tun 2015, amma girka shi sai mai haƙuri.

Duk wanda ka zaɓa, kar ka yarda da bidiyon talla. Nemi wani ɗan wasa da ke watsa shi kai tsaye a Twitch ko YouTube, ka kalli yadda wasan ke yi a gari mai cunkoso. Duba SteamDB, shafin da ke ƙidaya 'yan wasan Steam, ka ga mutum nawa ke ciki a lokacin da kai kake samun sarari, don wasan da sai da ƙungiya ba shi da amfani in duk abokan suna barci a Amurka. Steam na mayar da kuɗi cikin kwana 14 muddin ba ka kai awa 2 kana wasa ba, kuma agogon na tafiya ko da gyaran gemun jaruminka kake yi. Zaɓi fuska ko wace iri, ka ruga inda jama'a suka fi yawa, ka gwada faɗa a can da netwok ɗin da za ka riƙa amfani da shi kullum.