Mai waldan Bukoki: ƙofa ta yi, fenti ne bai yi ba

Masu neman mai walda a Yamai, akwai wani ɗan shago a Bukoki, ba nisa da kasuwar Katako, inda na ba da aikin ƙofar gida da tagogi. Mai shagon ya yi zaman gidan kaso, kuma ba ya ɓoyewa. Da ya fito ya nemi aikin gadi, sai aka ce ya kawo kaziye, takardar nan ta kotu mai nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci, wadda ake so kada ta wuce wata 3. Tasa ba fara ba ce, nan maganar ta mutu. Shi ya sa ya koma bakin ƙarfe.

Abin da ya burge ni shi ne yadda ya warware batun kuɗin somin aiki. Ya san mutane na ɗari-ɗari da miƙa wa tsohon ɗan kaso jika 50 a hannu, don haka ba ya ma tambaya. Sai ya auna, ya rubuta maka adadin tiyo da faranti da kaurinsu, ku shiga Katako tare ka biya da hannunka. Ladan aikinsa sai ƙofa ta tsaya. A wurin sayen ma ya ƙwanƙwasa wani faranti da ɗan yatsa ya ce, "Hajiya, wannan kwano ne, yaro ma zai lotsa shi da ƙafa." Muka ɗauki mai kauri.

Waldar ta fita tsaf. Ya goge duk mahaɗa har ba ta kama mayafi, sakata tana shiga ba sai an sa kafaɗa ba. Surukata da ta yi ta cewa an ba kura ajiyar nama (har da batun wai zai riƙe makulli ɗaya), yanzu shi take so ya yi mata gadon ƙarfe. Kwaɗon dai ni na saya, ya ce in buɗe kwalin da kaina.

Inda ya gaza: ba shi da janareto, in wuta ta ɗauke aiki ya tsaya, ya kuma saɓa mini rana. Fentin ma shafa ɗaya ya yi ba tare da maganin tsatsa ba, damina ɗaya ƙasan ƙofar ya fara ja. In za ku ba shi aiki, ku sayi maganin tsatsar tun a Katako, ku tsaya a shafa a gabanku.