Sharhi kan cikakken setin taimin bel da na ɗaura wa a-kori-kurata

A-kori-kurar da nake gyarawa a gida ta daɗe tana wahalar da ni a kan taimin, wato daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul da motsin fistin, aikin da bel mai haƙora ke yi. A saita ta, ta ɗan yi lafiya, sai a koma gidan jiya: tashi da ƙyar, rawa a silo, salansa na harbi, ga rashin ƙarfi in an ɗora kaya. Da an buɗe murfin gaba sai a tarar bel ya tsallake haƙori. Sabon bel bai hana ba, shi ya sa na sayi cikakken seti, mai ɗauke da bel, tenshona (mai ɗame bel), fulen jagora (wanda bel ke bi ta kansa) da famfon ruwa.

Kada mutum ya raina haƙori ɗaya. Kirankshaf, shaf ɗin da fistin ke juyawa, yana juyawa sau biyu kafin kamshaf, mai buɗe bawul, ya juya sau ɗaya, don haka in giyar kamshaf tana da haƙora 40, tsallake ɗaya ya kai digiri 18 a lissafin kirankshaf. A wasu injinan kuwa fistin da bawul wuri ɗaya suke ratsawa, lokaci ne kawai ya raba su. In bel ya goce da yawa sai su yi karo, bawul ya lanƙwashe, aiki ya koma sauke kan silinda.

Abin da ya fi burge ni a setin shi ne tenshona. Sai da na ajiye sabuwar kusa da tsohuwar na gane inda gizo ke saƙar. Tsohuwar irin mai aiki da mai ce, ta jiƙe a bakin sandarta, kuma da babban yatsa na tura sandar ta shige ba gardama. Lafiyayya ba ta yin haka, sai an sa ta a matsi an danna a hankali. Sabuwar ta zo a danne da ɗan fil a jiki, wanda ba a zarewa sai bel ya zauna daram. Fulen jagora ma na juya tsohon a hannu na ji yana ƙurƙur kamar da yashi a ciki, sabon kuwa shiru, da ɗan nauyin giris.

Bel ɗin kansa ba laifi. An buga masa kibiyar da ke nuna inda zai juya, da layukan da ke dacewa da alamomin giya, abin da ke rage wa mai aiki shi kaɗai wahala sosai.

Inda setin ya gaza shi ne babu oyil sil (robar da ke hana mai yoyo) a ciki, na kamshaf ko na kirankshaf. A ganina wannan babban giɓi ne, domin baƙin mai da ke tsatsowa daga nan shi ke jiƙa bel, robar ta kumbura, haƙoran su yi laushi. Nawa na kirankshaf yana yoyo, dole na nemo daban. Takardar bayanin ma sai a hankali, zanen ƙanana, kuma ba ta faɗi ƙarfin da za a ɗaure kowane noti ba. Sai da na koma littafin gyaran motar.

Bayan ɗauri na juya injin da sifana zagaye biyu cikakku, alamomi suka dawo daidai, sannan na zuba ruwa na tayar. Tun daga nan silo ya daidaita, harbin ya tsaya, ta hau tudu da kaya ba ta numfarfashi. Duk lokacin da na leƙa ta murfin, bel a bushe yake, a tsakiyar giya.

Wanda injinsa ke amfani da sarƙa maimakon bel, wannan seti ba nasa ba ne. Wanda kuma ya cire giyar kirankshaf, ya duba ɗan ƙarfen da ke riƙe ta a kan shaf. In ya ci ko ya karye, giyar za ta goce ko da alamar tana nuna daidai, kuma shi ma ba ya cikin kwalin.