Hawa da sauka a tashar jirgin ruwa ta Jidda: wace mota ta fi dacewa da kai?

Kakanninmu da suka bi hanyar Sudan zuwa aikin Hajji ta ruwa suke shiga Jidda, daga Sawakin. Yau tashar tana karɓar wasu irin baƙi, wato masu yawon shaƙatawa a manyan jiragen ruwa, tun bayan kafa kamfanin Cruise Saudi a 2021 da fara zirga-zirgar jirgin AROYA a Disambar 2024. Duk wanda ke shirin haɗa Umara da 'yan kwanaki a kan Bahar Maliya ya sani cewa tikitin jirgin bai ɗauke masa ɗawainiyar mota ba, kuma jirgin ruwa ba ya jiran wanda ya makara.

Na fara da bas ɗin da kamfanin jirgin ke tanada, domin shi mutane suka fi rainawa saboda tsada. Kowane mutum da kuɗin kujerarsa, don haka mai iyali shida zai ji a aljihunsa. Amma akwai abin da kake saye ban da kujera. Idan jirgi ya yada zango na wuni guda, ka fita yawo a motar kamfanin, cunkoso ya riƙe ku, al'adar kamfanonin nan ita ce su jira motarsu ko su ɗauki nauyin haɗa ku da jirgin. Wanda ya fita da motar kansa kuwa, shi da aljihunsa. Ga tsoho, ko mai keken guragu, ko wanda bai taɓa taka Jidda ba, ni wannan nake ba shi shawara.

Uber da Careem suna aiki a Jidda, kuma su ne zaɓina ga mutum biyu ko uku da za su otal ko filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz. Kana ganin kuɗin kafin ka shiga, babu jayayya da direba da Larabcin da ba ka iya ba. Sai dai ka sauke manhajar tun kana gida, ka tanadi layin waya mai intanet, sannan ka tambayi ma'aikatan jirgi ainihin inda motocin waje ke tsayawa, domin tashar wuri ce mai tsaro, ba kowa ke kutsawa ba. Tasi ta kan titi kuma, a kunna mita ko a gama ciniki kafin akwati ya shiga but. Na ga wata baiwar Allah da jikokinta biyu a tsakar rana, kayansu duk an loda, sai a lokacin direba ya faɗi kuɗinsa. Ga zafi, ga yara na kuka, dole ta biya.

Jirgin ƙasa na Haramain shi ya cancanci dogon bayani. An buɗe shi a 2018, tsawon layinsa kilomita 450, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa. Tashoshinsa biyar: Makka, Sulaimaniyya a cikin Jidda, filin jirgin sama, Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah, sai Madina. Sulaimaniyya ce mafi kusa da mai saukowa daga ruwa. Daga nan zuwa Makka kamar rabin awa ne, zuwa Madina kuma wajen awa biyu, alhali a mota hanyar Madina ta haura kilomita 400, awa huɗu ke nan idan ba a tsaya ba. Ga sanyi, ga tsabta, ga cika lokaci.

Illarsa uku ce. Ba ya kai ka ƙofar Harami, sai ka ƙara mota daga tashar Makka. Yana da ƙa'idar kaya mai tsauri, babban akwati ɗaya da jakar hannu, abin da ba ya yi wa mai tsaraba daɗi. Sannan a filin jirgin sama, tasharsa tana ɓangaren fasinjoji da ake kira Tamina 1 ne kawai. Idan jirginka daga Taminar Arewa ko ta Alhazai zai tashi, akwai sauran tafiya. A Ramadan kujeru na ƙarewa da wuri, a sayi tikiti tun da sauran kwanaki.

Iyali mai yawa da kaya mai yawa, shata ta fi musu. Mota ɗaya daga bakin tasha har ƙofar otal a Makka, tafiyar kusan awa guda, idan aka raba kuɗin a kan mutum shida sau da yawa ya fi sauƙi. A ɗauka ta hannun otal ko kamfani mai lasisi, a kuma rubuta farashi da lokaci.

Wanda jirginsa zai tsaya awoyi kaɗan kada ya yi gigin zuwa Madina. Tsohon garin Al-Balad, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, yana nan kusa da tashar jirgin ruwa, tasi na 'yan mintuna ya isa. Mai niyyar Umara kuma ya tambayi malami batun mikati da ɗaura harami tun kafin jirgi ya doso Jidda, ya kuma tabbatar bizarsa ta ba shi damar fita zuwa Makka. Ana gobe hawa jirgin ruwa, ka kwana a Jidda, ka isa tasha a lokacin da aka rubuta maka a tikiti, domin ana rufe rajistar fasinjoji tun kafin lokacin tashi.