Gidan bakin teku a lokacin karayar arziki: Costa del Sol ko Florida?

Alhaji, ka ce wani dillali ya gaya maka babu lokacin sayen gida a garuruwan shaƙatawa na bakin teku kamar sanda tattalin arziki ya karye, har ya kafa maka hujja da kudancin Sifaniya da jihar Florida ta Amurka bayan 2008. Kana son ka ji ina farashi ya fi zubewa, ina ya fi saurin miƙewa, su wa kuma suka ci riba. Dillalin bai yi ƙarya ba. Sai dai ɓangaren da la'adarsa take ciki kawai ya ba ka.

Ciwon nasu iri ɗaya ne tun daga tushe. A Costa del Sol, wato gaɓar lardin Malaga a kan tekun Bahar Rum, yawancin masu saye baƙi ne: Turawan Ingila, Jamusawa, 'yan ƙasashen arewacin Turai, da masu kuɗin Madrid. A Florida kuwa 'yan fansho ne masu gudun sanyin arewacin Amurka da Kanada, sai masu saye don su sayar gobe. Gidan hutu gida ne na biyu, kuma idan aljihu ya yi zafi shi ake fara saki. Su kuma 'yan garin da za a ce su saya, abincinsu daga gini da hidimar baƙi yake fitowa, kuma sana'o'in nan biyu tare suke mutuwa. Masu sayarwa suka yi yawa a daidai lokacin da masu saye suka ɓace.

Inda suka raba hanya shi ne saurin faɗuwar. Florida faɗuwar gaggawa ta yi. A yankin Cape Coral da Fort Myers, matsakaicin gidan da ake sayarwa sama da dala 300,000 a ƙarshen 2005 ya dawo ƙasa da dala 100,000 a 2009. A Miami farashi ya rabe gida biyu. Kotun gundumar Lee, inda garuruwan Cape Coral da Fort Myers suke, ta riƙa yanke shari'o'in ƙwace gidaje ɗaruruwa a yini guda, wasu ba sa cin ko minti ɗaya, bankuna kuma suna zuba gidajen a kasuwa a kan duk abin da aka taya. Abin ya yi munin da Obama da kansa ya je Fort Myers a watan Fabrairun 2009, makonni kaɗan bayan rantsar da shi. Amma zuwa 2011 an kai ƙarshen gangaren, daga 2012 farashi ya kama hanyar sama.

Sifaniya ta ja nata ciwon shekara shida zuwa bakwai, daga 2008 har 2014. A ƙasar gaba ɗaya farashi ya sauka da fiye da kashi ɗaya cikin uku, a gaɓar Bahar Rum kuwa ya kusa rabi. Dalilin jan ƙafar a bankuna yake. A 2006 kaɗai an ba da izinin gina gidaje sama da 800,000, kuma ƙananan bankunan ajiya na larduna, waɗanda 'yan siyasar yankin ke da baki a cikinsu, su ne suka zuba kuɗi a hannun kamfanonin gini. Da kamfanonin suka fara durƙushewa, irin su Martinsa-Fadesa a Yulin 2008, bankunan suka karɓi gidaje da kangwaye da filaye a madadin bashi, suka rubuta su a littafi a kan tsohon farashi, suka ƙi sayarwa don kada asarar ta fito fili. Kamar mai ragunan da suka kwana bayan Sallar layya ne: na Florida ya karyar da su ya koma gida, na Sifaniya ya ci gaba da sayen dusa yana jiran wata Sallar. Ƙarshenta bankin CAM na Alicante an sayar da shi a kan yuro 1 a 2011, gwamnati ta karɓe bankin Bankia a 2012, Tarayyar Turai ta kawo bashin ceto na kusan yuro biliyan 41, aka kafa kamfanin Sareb don ya kwashe ruɓaɓɓun kadarorin da aka kimanta a kan kusan yuro biliyan 50. Sai bayan nan aka fara ganin farashin gaskiya. Wanda ya saya a 2010 yana murnar ragin kashi 15 ko 20, ya zauna yana kallon gidansa na ƙara sauka har shekara uku ko huɗu.

Kuɗin ruwa ma ya taka rawa. Babban bankin Amurka ya sauke nasa kusan sifili a Disambar 2008. Babban Bankin Turai kuwa ƙarawa ya yi a Yulin 2008, ya sake ƙarawa sau biyu a 2011, alhali yawancin basukan gida a Sifaniya masu hawa da sauka ne. A 2013 rashin aikin yi ya haura kashi 26 cikin 100 a ƙasar, a yankin Andalus, inda Malaga take, ya wuce kashi 35.

Ga wanda bashi ya ci, gara Florida. A nan ma doka ta bai wa banki damar bin ragowar kuɗinsa, amma mutum na iya sasantawa a sayar da gidan a kan abin da ya samu, ko ya je kotu ya bayyana karayarsa a share masa. A Sifaniya ta wancan lokacin, banki ya ƙwace gida, ya yi gwanjonsa da arha, ragowar bashin kuma na nan a wuyanka, har da wuyan iyayen da suka tsaya maka. Wannan ne ya haifi ƙungiyar PAH ta waɗanda bashin gida ya ci, a Barcelona a 2009, wadda jagorarta Ada Colau ta zama magajiyar garin a 2015.

Akwai abin da nake so ka tsaya a kansa, domin ya shafe ka kai tsaye. Baturen Ingila da ke karɓar fanshonsa da fam yana biyan bashin gida da yuro, a farkon 2007 fam ɗaya na ba shi kusan yuro 1.50. A ƙarshen 2008 fam da yuro sun kusa zama kai ɗaya. Ba wanda ya taɓa fanshonsa, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. 'Yan Kanada kuwa akasin haka suka gani: dalarsu ta kamo ta Amurka a daidai lokacin da gidajen Florida suka zube, suka shigo da tsabar kuɗi suka yi ta kwasa. Kai da kasuwancinka yake da naira, ka tuna yadda dala ta tashi daga wajen 460 a farashin hukuma a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Harajin gida, kuɗin kula da unguwa da wurin ninƙaya, inshora, duk da kuɗin can za ka riƙa biya kowace shekara, ko kana ciki ko ƙofa na kulle.

Kowane wuri kuma da irin tarkonsa. Na Costa del Sol takardu ne. A Marbella, tun zamanin magajin gari Jesús Gil, wanda masu kallon ƙwallo suka sani da Atlético Madrid, an ba da izinin gina dubban gidaje a filayen da aka ware wa makarantu da lambuna. A 2006 badaƙalar cin hanci ta sa gwamnatin ƙasar ta rushe majalisar garin ɗungurungum. An yi sabon tsarin gari a 2010 don a halasta yawancin gidajen, Kotun Ƙoli ta soke shi a 2015. Gida mai arha fiye da kima a can, lauya mai zaman kansa ya kamata ya fara gani, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka kuma ware wajen kashi 10 ko fiye na farashin don haraji da kuɗin rajista. Tarkon Florida daga sama yake zuwa. Guguwar Ian ta Satumbar 2022 ta share Fort Myers Beach, ta datse gadar tsibirin Sanibel, kuma kuɗin inshora a jihar yana cikin mafi tsada a Amurka. Waɗanda suka saya da arha a 2010 sun ci riba sosai, amma wani kaso na ribar kamfanonin inshora ke karɓa duk shekara.

Sannan ka bincika me ake nufi da bakin teku a takardar talla. Manyan gidajen da ke kusa da Puerto Banús, tashar jiragen ruwan shaƙatawa ta Marbella, inda attajiran Larabawa suka saba sauka tun zamanin Sarki Fahad, ba su faɗi kamar sauran ba, su ne kuma suka fara tashi, domin masu su ba bashi ke korar su ba. Waɗanda suka sha kashi su ne jerin gidajen bene iri ɗaya da aka gina a bayan babbar hanya kewaye da filin wasan golf, tafiyar rabin awa a mota kafin ka ga ruwa. A Florida ma haka: Naples ta farfaɗo da wuri, Lehigh Acres da ke can cikin tudu ta daɗe da kangwaye da ciyawa. Mafi yawan abin da ake tallatawa da sunan garaɓasa daga rukuni na biyun yake.

Idan ni ne da tsabar kuɗi a hannu a wancan lokacin, Florida zan zaɓa a 2010 ko 2011, domin farashin da ake gani shi ne na gaskiya, kuma manyan kamfanoni irin su Blackstone ba su fara kwasar gidaje da yawa ba sai 2012. Sifaniya sai na jira 2013 ko 2014, bayan Sareb ya fara aiki. Idan kuma dillalin naka ya haɗa maka da alƙawarin takardar zama, ka sani sayen gida a Amurka ba ya ba mutum izinin zama, Sifaniya kuma ta rufe shirinta na ba da izinin zama ga wanda ya sayi gidan yuro 500,000 tun watan Afrilun 2025.