Kafin ka sayi tsohon keken ɗinki: Singer 15, 201K ko ɗan Japan?

Masu cewa "wannan tun na zamanin Turawa ne" sun yi yawa, to kar ka biye wa baki, duba lamba. A Singer 15 da 201 lambar tana kan farantin keken ta dama, galibi harafi ɗaya ko biyu sai alƙaluma. In ta fara da E kamar EF ko EK, a masana'antar Clydebank ta Sikotlan aka ƙera shi, wadda aka rufe a 1980, K ɗin da ke cikin 15K ko 201K ma nan yake nufi. In tambarin yana da shuɗin gefe an rubuta 1851-1951, na bikin cikar Singer shekara 100 ne, masu tara tsofaffin kekuna suna ƙara masa kuɗi.

Ni dai in don aiki ne 15 zan ce ka ɗauka, saboda bobin ɗinsa da shatil duk irin na Butterfly ne, kowane mai gyara ya san cikinsa. Kekunan Japan na bayan yaƙin duniya na biyu su ma da yawansu kwafin 15 ne, sunaye barkatai ake liƙa musu amma ƙarfen mai kyau ne wallahi, ga araha. Wanda aka rubuta wa Made in Occupied Japan bai wuce 1952 ba.

201K kuwa wani abu ne daban, ƙugiyarsa mai kama zare a ƙasa zagaye take yi, ba kai da komo ba, shi ya sa ba ya ƙara, ɗinkin ya fita a miƙe sumul ko a kan shadda mai tauri, sai dai bobin ɗinsa ba irin na 15 ba ne, ka tabbatar an haɗa maka da su. Singer Featherweight 221 ɗan ƙarami mai kilo 5 ya fi waɗannan tsada a Amurka da Ingila, amma tela mai ɗinkin sallah ba zai ci moriyar kuɗinsa ba.

Abin da ya fi damuna fenti ne. Keken da ya shekara 70 galibi zanen gwal ɗin ya ɗan goge inda yadi ke wucewa, in ka ga yana ƙyalli ko'ina to mai yiwuwa an sake masa fenti, darajarsa ta faɗi. Juya wilin da hannu ka saurara, kifa kan ka duba tsatsa, ka zo da ƙyallenka ka ɗinka a gabansu. In mai moto ne ɗan Amurka, wutarsa 110 ce, kar a jona shi da tamu kai tsaye, ƙonewa zai yi.